Baftismar Jikana a Majami'ar Habashawa

Al Qusais, Dubai,
21 ga Janairu, 2019.

Zuwa ga yayana, Rabaran Filibus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da Mama Rahila da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku a Numan. Na ji labarin ciwon gwiwa ya sake tasar maka har wani Lahadi a zaune ka yi wa'azi. Allah ya ba ka sauƙi, ya ƙara maka ƙarfi a aikinsa. Mu ma nan lafiya muke. Jariri ya yi kumatu, ya fara bin mutum da ido. Uwarsa Meseret ta murmure, wata mai zuwa za ta koma aikinta na jinya. Ɗana Sulaiman kullum yana can Al Warsan wajen injunan sanyinsu, sai yamma muke ganinsa.

Da gangan na ɗauki biro maimakon waya. A waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce mini sai haƙuri, ka ja doguwar addu'a, mu ce amin, in ajiye da abin da ke raina bai fita ba. Takarda ba za ka iya katse ta ba. Badaru, mijin maƙwabciyarmu Zaituna, zai tafi Kano da kayansa, ya yi alkawari zai sa ta a motar Numan. Ka karanta ta kai kaɗai tukuna, domin akwai abin da nake tuhumarka da shi a ciki.

Ka san a ƙarshen Nuwamba na zo nan domin jegon Meseret, 'yar Habashan da Sulaiman ya aura a Addis Ababa shekara biyu da suka wuce, lokacin ina kwance da hawan jini bayan rasuwar babansa. Da na tambaye ka a lokacin wane irin addini take yi, cewa ka yi Kirista ce kamar mu, 'yar Otodoks, in kwantar da hankalina. Na kwantar. Abu na farko da ya tayar mini da shi ranar Kirsimati ne. Na yi sammako na dafa shinkafa da kaji, na yi cincin, na ɗaura zanen zumuntar mata da na taho da shi tun daga gida. Gidan shiru kamar ba ranar komai ba. Meseret ta ba ni haƙuri, ta ce su Kirsimatinsu sai bakwai ga Janairu, yanzu lokacin azumi ne, ba nama ba madara. Wannan ban ji zafinsa ba, al'adarsu ce. Amma da Sulaiman ya dawo daga aiki ya dubi kajin ya ce cikinsa ba daɗi, ya zauna yana cin wake da wainar nan tasu mai tsami, wannan kam na ji zafinsa. Yaron da yake satar ƙafar kaza daga tukunya tun ba ta nuna ba! Ƙarshe Zaituna da 'ya'yanta, Musulmi, su suka taya ni cin abincin Kirsimati.

Da jariri ya cika arba'in aka ce za a yi masa baftisma, don su haka suke yi wa ɗa namiji. Na ce a bari mana a kawo shi gida, kakansa Rabaran ya yi masa da hannunsa kamar yadda ya yi wa ubansa. Sulaiman ya ce an riga an shirya, khalas, kalmar nan tasu ta nan da suke rufe bakin mutum da ita. Ranar Juma'a ce, don a ƙasar nan Juma'a ake sujada. Da asuba muka shiga tasi zuwa wani fili da aka kewaye, majami'u iri-iri a ciki, kowa da zaurensa da lokacinsa.

Yaya, da ban ga gicciye a ƙofar ba, da na rantse ba coci aka kai ni ba. Tun daga waje aka ce in cire takalmi. Yayar Meseret, wata mai suna Almaz, ta yafa mini farin mayafi a kan zanena ba tare da ta tambaye ni ba, ta ja ni ɓangaren mata, maza suna can ɗaya gefen. Ba benci, sai 'yan kujeru jikin bango. Tsofaffi suna dogare da wasu dogayen sanduna a hammata. Hayaƙin turaren wuta ya cika wurin har idona yana ruwa, ga hotuna ko'ina, mutane masu manyan idanu, mata suna shafa su suna sumbata, suna sa goshi a ƙasa. A gaba an ja labule, firistocin suna shiga bayansa suna fitowa cikin riguna masu ƙyalli, wani yana bin su da laima mai geza a cikin ɗaki, inda ba rana ba ruwa. Ba ka ganin abin da suke yi a bayan labulen, muryarsu kawai kake ji, ja, ja, ja, kamar kukan makoki. Na raɗa wa Almaz ta fassara mini, ta ce ita ma ba ta ji, tsohon harshe ne da ba a magana da shi. Ka ji fa. Jama'a cike da zaure, a tsaye tun duhu har rana ta ɗaga, suna amsa abin da ba su san ma'anarsa ba. Ni da na koyar da yara karatu shekara da shekaru don kowa ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki da harshen da yake ji! Wa'azin da aka yi daga baya bai kai tsawon sanarwarmu ta ranar Lahadi ba. Da na ba Zaituna labari ta yi dariya, ta ce ashe surukaina saura ƙiris su shigo wurinsu, tunda ga cire takalmi, ga raba maza da mata, ga goshi a ƙasa. Wasa take yi, amma ban yi dariya ba.

Baftismar kanta a gefe aka yi, a wani babban daro. Suka tuɓe yaron tsirara, firist ya tsoma shi sau uku yana tsala ihu, ya bi jikinsa da mai, goshi, kunne, ƙirji, har tafin ƙafa, sannan ya ɗaura masa wani zare a wuya. Ban ga an kira iyaye gaban jama'a an tambaye su alkawari ba, ban ga ikilisiya ta tashi ta ce ta karɓe shi ba. Sunan da muka ba shi, Istifanus, sunan marigayi mijina, firist ya faɗa sau ɗaya, ya ɗora wani nasu a kai. Bayan haka aka ɗauki jaririn da bai san hannunsa na dama ba aka ɗiga masa Jibin Ubangiji a baki. Ni kuwa da nake ci tun ina budurwa, bayan na yi ajin katikisma an tabbatar da ni, Almaz ta riƙe mini hannu a hankali ta ce in tsaya a inda nake, ba nawa ba ne.

Duk wannan da zan haɗiye. Amma ina tsaye sai na hango ɗana a layin masu karɓa, lulluɓe da farin mayafi, ba takalmi. Ya buɗe baki aka ba shi da cokali, ya rufe bakinsa da gefen mayafin kamar wanda ya saba. Da ya sunkuya, wuyan rigarsa ya buɗe, na ga zare irin wanda aka ɗaura wa jaririn. Na tambayi Almaz me nake gani. Ita da zuciya ɗaya, tana tsammani na sani, ta ce ai kafin aure aka yi masa baftisma a Addis Ababa, in ba haka ba ba za a ɗaura musu aure a coci ba. Ta ce sunansa na baftisma Gebre Maryam, wai bawan Maryamu. Yaya, sai na hau neman wurin zama. Wata tsohuwa ce ta tashi ta ba ni kujerarta.

Da aka tashi, aka fito da ganguna a tsakar filin, mutane suka yi layi wurin babban firist ɗin, wanda suke kira Abba. Dogo ne siriri mai gemu, da gicciyen ƙarfe a hannu. Kowa ya zo sai ya rusuna, a taɓa masa gicciyen a goshi, ya sumbace shi. Da layi ya zo kaina na miƙa masa hannu kamar yadda muke gaisawa da fastocinmu a bakin ƙofa. Bai karɓa ba, ya dafa ƙirji ya ɗan sunkuya. Na ce wa Almaz ta tambaye shi mene ne laifin ruwan da aka yi wa ɗana baftisma da shi har suka ga sai an sake. Ta yi ta jan ƙafa, na ce sai ta faɗa. Ya saurara, bai ɗaga murya ba, ya ce ruwan ba shi da laifi, maganar hannu ce. Wai baftisma sai firist wanda aka ɗora wa hannu, daga wanda aka ɗora wa hannu, har a koma ga manzanni. Na ce yayana Rabaran ne, bishop ya naɗa shi a gaban dubban mutane. Ya ce yayana malamin Maganar Allah ne, Allah ya saka masa, amma ba firist ba ne. Na ce wannan hannun da yake rainawa shi ya binne mijina, shi ya yi wa rabin garinmu baftisma, shi ya tuƙa keke zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ya ce zai yi mini addu'a. Na ce ya riƙe abarsa. Ban san ko Almaz ta fassara wannan ba. Na tsaya maka a gaban baƙi, Yaya, ban san wanda nake tsaya wa ba.

A makon ban yi wa kowa magana a gidan ba sai abin da ya zama dole. Ina wanka wa jariri, ina dama wa Meseret kunu, shi ke nan. Na sa Zaituna ta bincika mini a wayarta ko akwai 'yan Luteran irinmu a garin nan, ta gano wata ƙaramar ikilisiya ta Turawa. Juma'ar da ta biyo ta raka ni a jirgin ƙasa na metro har bakin ƙofa, ta ce za ta jira ni a wani kanti. Na shiga da takalmina. Zaure ne fari fes, kujeru a jere, tebur ɗaya da kyandir biyu da gicciyen katako wanda ba kowa a kansa. Mutane ba su da yawa, miji da mata a zaune kafaɗa da kafaɗa. Da mai piyano ya fara, sai na ji muryar waƙar nan da 'yan mishan na Denmark suka koya wa iyayenmu, wadda Baba yake yi in yana gyaran fitila. Suna yi da harshensu, ni ina yi da Hausa, hawaye yana zuba. Fastonsu mace ce mai furfura, kowa Ingrid yake ce mata, har yara, ba Rabaran ba Mama. Ta yi wa'azi rabi da harshensu rabi da Turanci, na fahimci abin da ta ce. Lokacin Jibi ta miƙo mini gurasa ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Amma kada ka ɗauka na ga gida. Ba kwaya, ba ganga, ba zumuntar mata, ba mai cewa amin da ƙarfi. Suna waƙa kamar masu tsoron tada maƙwabta, kafin in gama gyara zama an yi albarka an tashi shan kofi.

A kicin na same ta, ta tuɓe farar rigar wa'azinta, ta naɗe hannun riga tana wanke kofuna. Fasto guda! Na ja ta gefe na ba ta labari duka, na roƙe ta abu ɗaya. Na ce ranar da Meseret za ta je asibiti a duba ta, zan kawo yaron, ta yi masa baftisma irin tamu, ba sai kowa ya ji ba. Ta goge hannu, ta zaunar da ni, ta ce ba za ta yi ba. Ta ce an yi wa yaron da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, mu Luteran mun karɓi wannan, baftisma ɗaya ce ba a maimaita ta. Ta ƙara da cewa ko ba a yi masa ba, ba za ta taɓa ɗan mutane a bayan idon iyayensa ba. Na ce to su me ya sa suka maimaita ta ɗana? Ta ce wannan ya yi mata ciwo ita ma, amma baftismar Sulaiman ta fari tana nan, ba ruwan da zai wanke ta. Sai ta tambaye ni ko na taɓa zama da surukata na ji abin da take samu a sujadarsu. Na ce ban zo neman shawara ba. Ta miƙo mini kek, na bar mata a kan tebur. Ka ga inda muke, Yaya. Su suna share tamu da gaba gaɗi, mu muna rusuna wa tasu muna murmushi. Nasu firist ya yi nisa har ba ya karɓar hannun tsohuwa, tamu ta yi laushi har ba ta iya ƙwato jika ɗaya. A hanyar dawowa na yi ta cewa a raina, da yayana ne da ba haka ba.

Washegari Asabar da rana, Meseret tana barci da yaron, na tsare Sulaiman a falo. Na tambaye shi yadda ya iya ɓoye mana, ni da kai kawunsa, abu irin wannan. Sai ya ce ni kaɗai aka ɓoye wa. Ya ce kafin ya shiga ruwan nan sai da ya kira ka, kun yi magana mai tsawo. Ka ce masa ba ka so, amma Allah bai ƙare a Numan ba, in zuciyarsa ta natsu ya je. Kuma kai ka ce kada a gaya mini sai na warware. Na warware tun yaushe, Yaya? Na yi girbi biyu, na je taron mata a Jos, na hau jirgi ni kaɗai. Kai ka kai ni tasha, ka ɗora mini hannu ka yi addu'a, ka san abin da zan tarar, ka bar ni na je na gano shi a wuyan ɗana a tsakiyar baƙi.

Na so in ɗora laifin a kan yarinyar, shi ma bai bar mini wannan ba. Ya ce Meseret ta yarda a yi auren kotu kawai, shi ne ya nace. Ya ce tun yana saurayi yake zama a cocinmu yana jin sanarwa da gardamar dattawa da rigimar wane ɓangare ne zai riƙe wane gini, wa'azi kuma kamar aji, a fita ana auna faston ko ya iya ko bai iya ba. Wai a cocin Habashawa ne ya fara tsayawa gaban Allah ya yi shiru, ba wanda yake jiran ya burge shi, kuma firist ɗin da na raina ya san duk abin da ke damunsa don yana zuwa ya faɗa masa laifofinsa. Na ce babansa katikist ne, ya mutu bai taɓa buƙatar wani mai gemu tsakaninsa da Yesu ba. Ya ce in bar babansa ya huta. A gidansa nake, shi ya sa na bar maganar a nan. Gaskiya guda zan faɗa, yarinyar ba ta taɓa ɗaga mini ido ba. Ko a makon da nake fushi, ita take haɗa mini ruwan zafi ta ajiye mini maganina kusa da shayi. Wannan bai rage komai ba, ya ma ƙara mini haushi, don ban samu inda zan kama ta ba.

Sun roƙe ni a sabunta mini biza in ƙara wata biyu, na ƙi. Farkon Fabrairu zan dawo. Kada ka turo mota Yola, zan hau ta haya. Kuma ni ba zan tsaya gaban matan zumunta ina ƙirƙiro amsa ba in sun tambaye ni yaushe za a kawo jika baftisma. Kai ka ba da izini, kai za ka yi bayani, ga su da dangin babansa.

Saura abu ɗaya da ba ka sani ba, don na tabbata wannan bai gaya maka ba. Da Ista za su zo gida su nuna yaron, kuma ya ce zai shigo sujada don girmama ka. Na tambaye shi ko zai ci Jibi. Ya ce ba zai iya ba, an hana su karɓa a wajen da ba nasu ba. Don haka ka shirya. Ran nan coci zai cika, za ka tsaya a gaban bagade da ƙoƙo a hannunka, layi bayan layi za su taso, tsofaffin da suka yi aiki da babansa, abokan ajinsa, 'yan kwayar da ya yi waƙa da su. Ɗan ƙanwarka da ka yi wa baftisma zai zauna a benci ya naɗe hannu, kowa yana ratsa gwiwarsa yana wucewa. Mutane za su juyo su dube ni. Ni kuwa kai zan duba, kuma ina so ka ɗaga kai daga ƙoƙon ka dube shi da kyau.

Ka gaishe mini da Mama Rahila, ka ce na samo mata man zafin da ta ce. Ka gaida A'i da mijinta, da Salmanu in ya dawo daga makaranta, da Gwaggo Hannatu, ka ce mata kada ta bari awaki su shiga mini lambu. Ka gaida matan zumunta baki ɗaya. Meseret ta ce in gaishe ka, ta kira ka Baba. Na isar.

Allah ya kiyaye ka, ya ba ka lafiyar tsayawa ranar Ista.

Ni ce ƙanwarka,
Tabita Istifanus.